Tikitin Bukar da Zaren Gwaggo Aisa

Wanda ya fara tarbata a ƙasar Faransa kare ne. Ina tsaye a layin duwan, masu binciken kaya, a filin jirgi, ƙafafuna sun kumbura saboda zama, sai ga wani Nasara ya jawo shi da igiya, ya nufo akwatina kai tsaye ya kafa hanci. Aka ce in buɗe. Aka zazzage kilishin da na sayo a Damagaram da cuku, busasshen nonon yankin Alakos, wanda Gwaggo Aisa ta ƙulle a tsumma, aka zuba su a buhun roba kamar shara. Na ce wa ma'aikacin saƙon tsohuwa ne zuwa ga ɗanta. Ya ce doka ce. Ya ɗago wani ɗan ƙullin farin zare daga ƙasan akwatin, ya jujjuya shi, ya shinshina shi ma, da ya tabbatar ba a cinsa sai ya wurgo mini.

Wannan zare kuwa shi ne babban saƙon. Gwaggo Aisa ƙanwar mahaifina ce, ɗanta namiji ɗaya ne, Bukar. Ya tafi karatu Faransa tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, ya gama, ya sami aikin ofis, ya auri Banasariya, bai sake taka Gure ba. Abin da ya rage tsakaninsa da uwarsa waya ce. Duk Sallah, ƙarama da babba, sai ta yi wanka ta ɗaura zanen da ta fi so, a riƙe mata hannu zuwa gidan waya, ta zauna a benci har ya bugo. A wayar ta ji an haifa masa mace, daga baya namiji. Ko sunayensu ba ta riƙe ba, domin layin yana ƙara, shi kuma kullum sauri yake. Hoto ba ya yi mata amfani, idonta ya yi yana. Da ta ji an zaɓe ni in tafi ƙaro ilimin ungozoma na 'yan watanni a Paris, sai ta kaɗa zare da hannunta ta ba ni.

"Fanna," ta ce, "ki tsai da kowane, ki taka bakin zaren da ƙahwa, ki ja har tsakar kai ki ƙulla. In na shahwa zan san inda suka kai."

Bukar ya ce zai zo filin jirgi ya ɗauke ni. Na zauna a kan akwatina har na haddace fuskokin masu shara, bai zo ba. Wanda ya zo wani baƙar fata ne mai taksi, fuska cike da fara'a, yana kirana 'yar'uwarsa. Ya zaga da ni gari, muka wuce wata gada, muka sake wuce ta, na ce masa ai mun bi nan, ya ce gadojin ne suke kama da juna. Da ya sauke ni a masaukin ɗalibai ya karɓe kuɗin abincina na mako guda, har da yi mini addu'ar Allah ya ba da sa'a. Ban taɓa cin karo da ɓarawo mai ladabi irinsa ba.

Asibitin da aka kai ni yana bayan gari, ana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a fita a shiga mota. Ni da na karɓi haihuwa a Gidigir da fitilar ƙwai a hannu ɗaya, sai ga wata yarinya da na girma tana koya mini wanke hannu. Cibiya ma ba a bar ni in yanke ba, sai dai in tsaya a bayan mutane ina leƙe. A mako na biyu shugabar sashen ta kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ta ce turaren da ke jikin kayana yana damun marasa lafiya. Na dube ta, ita da bakinta ke warin taba tun da safe, na ce to. Su kuma masu jegon tausayi suke ba ni. Mace ta haihu, ba uwa, ba gwaggo, ba mai dafa mata ruwan wanka, ba kunun kanwa. Sai miji ya shigo da furanni a hannu ya ajiye mata a gefen gado, kamar akuya ce ta haihu.

Kewar gida ta kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Ina kewar fura mai sanyi da rana tsaka, da kukan jakai ranar kasuwa, da yashin ƙofar gidanmu da ke ƙona ƙafa. Wadda ta rage mini zafi wata 'yar Mali ce mai goge daɓe a sashenmu, Madam Kumba. Ta ga ina cin burodi da ruwan shayi kullum a ɗakin canja kaya, washegari ta zo mini da tuwo da miyar kuɓewa a roba, da wata tsohuwar rigar sanyi ta 'yarta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Bambara, da Faransanci muke hira muna zagin sanyin garin.

Shi kuwa Bukar, na buga masa waya har na gaji. Yau aiki ya yi yawa, gobe yaro yana mura, jibi ana gyaran gida. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Sai da ya rage mini Lahadi biyu in koma sannan ya ce mu haɗu, a wani gidan shan kafe kusa da kogi, maimakon gidansa.

Na gane shi da goshin Gwaggo. Ya yi ƙiba, ya ɗaura wani ƙyalle a wuya, ya miƙo mini kumatu irin gaisuwarsu. Bukar ɗan gwaggona ne, taubashina, ina da damar faɗa masa abin da na ga dama tun muna yara, don haka na ja da baya na ce da Hausa, "Wane kumatu kuma? Kai da na san ka kana lasar majina a bayan rumbu."

Ya waiga ya dubi teburin da ke kusa, ya amsa mini da Faransanci. Ya tambayi gida a dunƙule, kamar mai tambayar farashin gero a garin da ba zai je ba. Na faɗa masa abin da ya sami kilishi da cuku, na ga har ya ji daɗi. Da na kawo zancen zare da yara sai ya laluba aljihu ya fito da wata takarda mai sheƙi mai ninki uku, ya shimfiɗa a gabana.

Tikiti ɗaya ne, in ji shi, amma abu uku ne a ciki, kuma ya fi araha a kan a sayi kowanne daban. Akwai mota mai hawa biyu marar rufi da ke kewaya birni, akwai hawa hasumiyar ƙarfen nan da kowa ya sani a hoto, na uku kuma zaɓi ne, ko babban gidan ajiye kayan tarihi ko jirgin ruwa a kogi. "Ni zan biya," ya ce, yana dafa ƙirji. "Ba za ki zo har nan ki koma ba ki ga Paris ba."

"Mutum nawa?"

"Ke. Ni na riga na gani."

A Gure idan baƙo ya zo maka, ka ba shi ruwa a gidanka, ka ci da shi, da la'asar ka sa riga ka kai shi gida-gida ya gaisa da mutanenka. Wannan shi ne nuna wa baƙo gari. Shi kuma ɗan gwaggona ya samo mota ya ɗora mata aikin. Na naɗe takardar na ce zan yi tunani.

Na yi tunanin kuwa, domin na ga tarkon sarai. Idan na karɓa, da Sallah zai bugo wa uwarsa ya ce ya karɓi Fanna hannu bibbiyu, ya nuna mata Paris kaf, ni kuma in koma da zare ba ƙulli. Idan na ƙi, na sauke masa nauyi, ya ce ya yi tayi an raina. Idan kuma na tsananta, na nemo gidansa na buga ƙofa, yana iya yin fushi ya daina bugo wayar, wadda ita kaɗai tsohuwar take jira daga shekara zuwa shekara. Wannan na ukun shi ya fi tsaya mini a rai.

Na kai wa Madam Kumba takardar a ɗakin canja kaya. Ita ta taɓa raka wani ɗan'uwan mijinta irin wannan yawo, har yanzu tana jin haushin ranar. Na tambaye ta mece ce fa'idar mota marar rufi a garin da ruwan sama ba ya sallama. Ta ce fa'idarta ita ce kana iya sauka duk inda ta tsaya, ka sake hawa wata. Hasumiyar fa? Ta ce layi ne tun daga ƙasa har sama, mutane suna turereniya, ba ka jin maganar na kusa da kai. Gidan kayan tarihi kuwa ƙofofinsa sun fi na kasuwa yawa, a nan ta ɓatar da baƙon nata har rufewa.

"Jirgin ruwan fa?" na ce.

"Shi ne ya fi muni. In ya tashi ba ya tsayawa ko'ina. Ko fitsari kike ji, ko amai, sai ya je ya juyo ya dawo inda ya ɗauke ki."

Na sa ta maimaita, ta maimaita. Da yamma na buga wa Bukar na ce na karɓi kyautarsa, da jirgin ruwa nake so, amma ba zan hau ni kaɗai kamar mayya ba, sai dai ya zo da yaran mu hau tare. In ya yi haka na yafe zuwa gidansa, ba zan sake tambaya ba. Na ji ajiyar zuciyarsa ta cikin wayar. Ya yarda da sauri, da sharaɗin kada in dame su da zancen gida, wai yara ne, ba za su gane ba.

Ranar Lahadi ya zo da su. Yarinyar ta kai shekara tara, doguwa, mai wushirya irin ta gidanmu. Yaron ƙarami ne, ɗan lukuti. Ya gabatar da ni a matsayin wata madam daga Afirka da ta zo aiki asibiti. Na haɗiye wannan ma.

A motar ya sa yaran a kujerar gaba, ya toshe musu kunne da abin sauraren bayani, ya zauna tsakanina da su. Muka yi ta kewayawa cikin yayyafi. Ga fada, an ce ta sarki ce, sarkin kuma su da kansu suka yanke masa kai, yanzu suna karɓar kuɗi a ga gadonsa. Ga kabarin wani mayaƙi an yi masa gini ya fi masallacin Juma'a, shi ma sai an biya za a leƙa. Ga gumakan mutane tsirara a bakin hanya, tantabaru sun yi musu kashi a ka. Duk inda motar ta ɗan tsaya sai baƙi su miƙe gaba ɗaya su ɗauki hoto su zauna, ba wanda ya gai da kowa. Gari guda muka zaga ban shiga gidan mutum ɗaya ba.

Hasumiyar ta kasance yadda Madam Kumba ta faɗa. Muka bi layi, aka cusa mu a wani akwatin ƙarfe ya hau da mu. A sama iska tana neman fizge mini ɗankwali, Bukar ya riƙe hannun yaran gam, ɗaya dama ɗaya hagu. Na leƙa ƙasa, rufin gidaje ne toka-toka har iyakar gani. Na ce masa, "To daga nan ai sai ka nuna mini naka." Ya ɗaga haɓa ya yi nuni da rabin garin.

Sai jirgin ruwa. Aka ja gadar katako, aka kwance igiya, na ga ruwa ya shiga tsakaninmu da tudu, sannan hankalina ya kwanta. Ba mu yi nisa ba yaron ya fara matse ƙafa yana cewa zai zaga. Bukar ya dube ni, ya dubi yarinyar, ba yadda zai yi, ya ja shi suka gangara ƙasa.

Yarinyar ta matso da kanta. Ragowar lallen da ke farcena take kallo tun a mota. Ta tambaya ko ciwo ne, na ce ado ne. Na tambayi sunanta duk da na ji ubanta ya faɗa.

"Sofi," ta ce. "Amma ina da wani suna a takardar makaranta, Aisa. Sunan maman Papa ne."

Na ji daɗi har cikin raina, na ce a zuciyata ashe da sauran mutunci a jikin Bukar.

"Ta mutu tun ba a haife ni ba," in ji yarinyar. "Papa ba shi da kowa a can, duk sun mutu. Ke kin san garinsu?"

Na tuna Gwaggo a kan bencin gidan waya da zanenta na Sallah, tana tambayar mai aikin ko agogonsa daidai ne. Lasifikar jirgin tana ta bayanin wata gada da yare bayan yare. Sai ga Bukar ya hawo da yaron, yana ganin fuskata ya tsaya.

"Yaushe Gwaggo ta rasu," na ce masa da Hausa, "ba a gaya mana ba mu yi zaman makoki?"

Hausarsa ta dawo nan take, ba ko gargada. "Fanna, ki rufa mini asiri. Ba ki san zaman nan ba. In na ce ina da uwa, gobe matata ta ce mu tahi mu gan ta, jibi ƙanne, gata duk Gure a ƙofata. Magana ce na faɗa tun muna saurayi da budurwa, ta riga ta zauna. Mi kike so in yi yanzu?"

"Ka kashe ta don kada a ci maka tuwo."

"Mun yi sharaɗi da ke."

"Mun yi."

Ya dubi gaba, ya dubi baya. Ruwa ne ko'ina, jirgin bai ma kai inda zai juyo ba. Na san abin da zan jawo, na kuma san wadda za ta biya, ba ni ba ce, Gwaggo ce. Na auna shi a raina, na ga ba zan iya tsayar da yarinyar nan in ƙulla zaren matar da take zaton tana kabari ba. Na juya ga Sofi na ce mata da Faransanci, a hankali yadda ƙanenta ma zai ji, "Na san garinku, sunansa Gure. Ni 'yar'uwar babanku ce. Kakarku Aisa tana da rai, ita ta aiko ni. Ba ta gani sosai, shi ya sa ta ba ni wannan in auno mata tsawonku."

Yarinyar ta dubi ubanta. Shi kuma ya sami abin kallo a cikin kogi, ya kafa masa ido kamar an biya shi. Ta kira shi sau ɗaya, bai juyo ba. Sai ta miƙe da kanta, ta cire hular sanyinta, ta tsaya ƙyam a gabana ta haɗe ƙafafu. Na taka bakin zaren, na ja har tsakar kanta, na ƙulla. Yaron ya ga abin wasa ne, ya zo yana ɗage dunduniya don ya ƙara tsawo, na danna kafaɗarsa na ƙulla nasa. Wasu baƙi da ke kusa suka ɗauke mu hoto, sun zaci yana cikin abin da suka biya.

Sauran tafiyar lasifika ta ci gaba da surutunta. Sofi ta zauna kusa da ni tana riƙe da bakin mayafina. Da jirgin ya dawo aka sa gada, Bukar ya tura yaran gaba, ya tsaya daf da ni ba tare da ya dube ni ba.

"Kin gama aikinki," ya ce. "Ki gaya musu kada a sake jiran wayata."

Na ce masa ya gaya mata da bakinsa, tunda ya saba ba da labarin mutuwa. Ya ja yaransa suka shige cikin mutane, yarinyar tana waiwaye. Ko kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa bai tambaya ko ina da shi ba, na kuwa gode Allah da bai tambaya ba.

Na iso Gure da la'asar a bayan motar kasuwa, jikina duk ƙura. Ban ko sha ruwa a gidanmu ba na wuce wurin Gwaggo. Tana jin muryata ta fara lalube tana cewa wushe, wushe, irin gaisuwar garinmu, sannu da hanya. Ba ta tambayi Paris ba, hannu kawai ta miƙo. Na sa mata zaren. Ta dafa bango ta miƙe, ta taka bakinsa da babban yatsa, ta ja shi sama a jikinta. Ƙullin farko, na yaron, ya tsaya mata a cibiya. Na biyu ya kai ƙirji, ta tsaya a nan tana murza shi.

"Wannan macen ce? Kai, ta yi tsawo. Mi ne ne sunanta ma? Kullum sai ya faɗa in manta."

"Sofi suke kiranta," na ce. "Amma sunanta na takarda Aisa."

Ta koma ta zauna a hankali, zaren a dunƙule a hannunta, hawaye yana bin tsagen fuskarta, tana murmushi.

"Ashe sunana ya sa mata. Ja'irin yaro, bai taɓa gaya mini ba." Ta goge ido da gefen zane. "Fanna, Sallah ta kusa. In ya bugo ki tuna mini in yi mishi godiya."

Na ce to, Gwaggo.